Anini Biyu: Musayar Waƙa ta Mako Mai Tsarki

Dattijo daga Wusasa:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ga baiti biyu na buɗe fage. Amsa-amon "na" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Uba nake farawa,
Ya ba da Ɗansa babu ragewa,
Bai ce a kawo kuɗin fansawa,
Babu ciniki, babu tayawa,
Kyauta ya yi, sunanta ƙauna.

A daren cin amana ya tashi,
Ya ɗaura zane a ƙugu nashi,
Ya wanke ƙafar mai musun sanin shi,
Har da ƙafar wanda zai sayar da shi,
Yahuza ma ya sha ruwan ƙauna.

Matashi daga Maraɗi:
Baba, a gafarce ni, yaro ne zai yi ja da babba.

Baba, ka yi haƙuri in tanka,
Na taɓa bin wannan hanya taka,
Aboki ya zo da kuka, na ɗauka,
Na ba shi ɗaki, na cika masa jaka,
Ya gudu da jarina. Ina ƙauna?

Rijiyar da ba a raga mata ta ƙafe,
Kyandir garin haska ɗaki ya ƙare,
Reshen da ya sunkuyo kan karye,
In na ba da duka na koma a tsiyace,
Wa zai ciyar da ni da 'ya'yana?

Mama ta Zumuntar Mata, Malumfashi:
Sannu ɗana, ka ji ciwo, ban raina ba. Amma matso kusa.

Ɗana, abin da ka yi adashi ne,
Ka zuba kana jiran kwasa ne,
Ba ni gishiri in ba ka manda ne,
Mu mata mun san shi, biki ne,
A rubuta a takarda, a rama wata rana.

Gwauruwa ta zo da anininta,
Biyu ne kacal a ƙullin zanenta,
Ba ta rage ɗaya ba don cefanenta,
Yesu na zaune yana kallon ta,
Ya ce ta fi kowa. Ka ji, ɗana?

Ka buɗe Markus 12, daga aya ta 41.

Matashi daga Maraɗi:
Na karanta, Mama. To, a daren nan me gwauruwar ta ci?

Mama ta Zumuntar Mata:
Markus bai faɗa ba, ni ma ba zan ƙara masa gishiri ba. Wataƙila da yunwa ta kwana. Shi da ya yabe ta, cikin makon nan aka gicciye shi.

Malamin asibiti, Kano:
Iyayena, ku ba ni wuri in sa baki, don aikin hannuna ya shiga zancen. Fada Damiyan, ɗan ƙasar Beljiyam, ya sauka tsibirin Molokai na Hawai a 1873, inda hukuma ke jibge kutare ta raba su da danginsu. Ya ɗaure gyambo, ya gina ɗakuna, ya haƙa kaburbura da hannunsa. Wata rana ya tsoma ƙafa a ruwan zafi, bai ji komai ba. A nan ya gane kuturta ta kama shi. Ya rasu a cikinsu a 1889, yana da shekara 49.

Bai aiko da kuɗi daga nesa ba,
Bai tsaya bakin ƙofa ya leƙa ba,
Bai ƙi sa hannu a kwanonsu ba,
Shekara 16 bai koma gida ba,
Cutarsu ta zama tasa, nan ya zauna.

Kuma ba sai an haye teku ba. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi riƙon asibitocin kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina. Turawan an rubuta sunayensu. 'Yan ƙasa da suka riƙe kwano da bandeji kuwa, da yawa babu mai tuna su.

Yadakunya, sunanki wa'azi ne,
Mai wanke gyambo ya san haka ne,
Ƙyama da kunya kayan yarwa ne,
Wari a hanci, hannu a aiki ne,
Babu mai tafa masa, dare da rana.

Dattijo daga Wusasa:
Madalla, malam. Jikana, ga amsar rijiyarka daga gona, Yohanna 12:24 ce na sa mata rigar manomi.

Jikana, ka tuna ranar shuka,
Rumbu ya yi ƙasa, yara na kuka,
Mudun ƙarshe manomi ke ɗauka,
Ya zuba a rami, da ƙafa ya taka,
Wanda ya cinye iri, me zai girba bana?

Mama ta Zumuntar Mata:
Baba, da girmanka, a kula. Kada yaron nan ya ji girbi ya sake buɗe littafin adashi. Ƙwayar da aka binne ba ita ke cin tuwon kaka ba.

Bulus ya ce ko ka raba dukiyarka,
Ko ka miƙa wa wuta jikinka,
In babu ƙauna cikin zuciyarka,
Banza ka yi, ɗana, da wahalarka,
Ba yawan kyauta ake aunawa ba, ɗana.

Kuma ban ce ka sake ba ɓarawo makullin shago ba. Makulli daban, zuciya daban.

Matashi daga Maraɗi:
Mama, akwai abin da na ɓoye. Abokin nan ya kira ni sau uku daga Agadas a watan nan. An ce ba shi da lafiya. Ban ɗauka ba.

Lambarsa tana nan ban goge ba,
Fushin da na yi bai huce ba,
Kuɗina kuwa ba za su dawo ba,
Hannuna na rawa, ban danna ba…

Layi na biyar ya ƙi zuwa. Wani ya cika mini.

Mama ta Zumuntar Mata:
Babu mai cika maka. Akwai kati a wayarka, ko in sa a turo maka?