Neman taimako kan saƙonnin EDI da manhajarmu ke ƙin karɓa

Assalamu alaikum. Ina kula da sashen shige da ficen kaya a wani kamfani da ke Kakuri, nan Kaduna, kuma kwantenoninmu daga Apapa suke tasowa zuwa tashar kan tudu da aka buɗe a 2018. Mun daidaita da kamfanin da ke ɗauko mana kaya cewa za mu riƙa musayar bayanai ta tsarin EDIFACT, wato wata ƙa'ida ta EDI (aika takardun kasuwanci daga kwamfutar wani kamfani zuwa ta wani kai tsaye), domin a rage kiran waya da jiran takardu.

Umarnin ɗaukar kaya da muke aikawa, wato IFTMIN, yana isa gare su lafiya, har saƙon CONTRL yakan dawo da tabbacin karɓa. Matsalar tana wajen IFTSTA, saƙon da ke sanar da inda kaya suke: yana shigowa, amma manhajarmu tana ajiye shi gefe a matsayin gurɓatacce. Da muka duba, mun ga suna rubuta sashen DTM, wato inda ake saka kwanan wata da lokaci, da lamba 203, mai haɗa kwanan wata da sa'a da minti, alhali tamu 102 take tsammani, wadda kwanan wata kaɗai ce. Su suna kan sigar EDIFACT ta D01B, mu kuwa D96A, kuma a ganina bambancin sigar ya fi zama abin damuwa, ko da yake ma'aikacinsu bai yarda ba.

Don Allah, masana wannan fanni, shin gyara taswirar fassara a ɓangarenmu, wato ƙa'idojin da manhajarmu ke bi wajen karanta saƙonsu, zai wadatar, ko kuwa wajibi ne mu koma siga ɗaya da su? Na gode.