Kawuna yana son in yi masa shaida a kan cinikin gonar da ban halarta ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna yana shari'a da wani makwabcinsa a babbar kotu kan gonar da ya ce ya saya a 2009, kuma ya sa na sa hannu a takardar rantsuwa cewa a gabana aka biya kuɗin, alhali a lokacin ina makaranta, labari kawai na ji a gida. Na yarda gonar tasa ce, amma an sa ranar da zan tsaya gaban alƙali in tabbatar da abin da aka rubuta. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ina jin nauyin ce masa a'a. Me kuke ba ni shawara?

Amsa ta farko, daga wani lauya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kasancewar gonar ta kawunka ba ta wanke ka, domin abin da doka take dubawa shi ne ko ka faɗi abin da ka san ba gaskiya ba ne bayan ka yi rantsuwa. A dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, sashe na 158 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 tare da tara ga wanda ya ba da shaidar ƙarya a shari'a, kuma wanda ya ingiza shi ma ba ya tsira. Ka sani lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye ka inda aka zauna, da wanda ya ƙirga kuɗin, da waɗanda suke wurin, kuma idan ka yi tuntuɓe sau ɗaya, alƙali zai iya shakkar duk shaidun kawunka. Ka je wurin lauyansa tun kafin ranar, ka gaya masa ba ka halarci cinikin ba, ka nemi a janye takardar.

Amsa ta biyu:
Ko a addini, Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai a hadisin Bukhari da Muslim, har ya tashi zaune yana maimaitawa. Kada ka tunkari kawu kai kaɗai, ka nemi dattijon da yake jin maganarsa ya raka ka. Sannan ku nemo mai unguwa da waɗanda suka sa hannu a takardar ciniki, idan suna raye, su ne shaidun da za su amfane shi.

Mai tambaya:
Na gode. Biyu daga cikin shaidun suna nan da ransu, gobe in sha Allahu zan fara zuwa wurin lauyan.