Musayar Waƙa: Rage Albashin Manya

Baba Ɗanladi:
Sallama gare ku, ga tambayar tsoho,
Rage albashin manya yana da amfanawa?
Buhari a 2015 ya yafe rabin nasa,
Shi da Osinbajo, kowa na tunawa.
Da korona ta shigo a 2020,
Ministoci rabin na Maris suka ba da gudummawa.
Ni na yaba, don mai mulki in ya ɗanɗana,
Zai san wutar da ke cin talakawa.

Hajiya Binta, Kumasi:
Baba, mu ma a Ghana mun ga irinsa,
A 2022, kuɗinmu sidi yana ta faɗuwa.
Akufo-Addo ya zabge wa ministoci kashi 30,
Afrilu zuwa Disamba, daga nan sai ƙarewa.
A Zango kwanon masara bai sauko ba,
Ƙofar IMF mai ba da lamuni gwamnati ta koma bugawa.
Nasu ragin wata tara aka sa masa,
Tamu yunwar ba a sa mata ranar wucewa.

Malam Sani:
Hajiya, kin taɓa inda ke yi mini ciwo,
Albashi ba nan kuɗin ke taruwa.
Hukumar rabon arziki da kanta ta ce
Na minista ko miliyan a wata ba ya kaiwa.
Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC,
A 2024, kunnena na saurarawa:
Albashi kusan miliyan ɗaya ne kacal,
Miliyan 21 na hidimar ofis duk wata ke biyowa.
A shekarar 'yan majalisar wakilai
Suka ce rabi za su bari, wata shida ba ƙarawa.
Dubu 300 kowanne ya sadaukar,
Alawus da motoci na nan, ba taɓawa.
Ni malamin firamare, 'ya'yana bakwai,
Dubu 70 mafi ƙarancin albashi, shi ma da jinkirtawa.

Baba Ɗanladi:
Ɗana, na ji, kuma raina ya sosu,
Amma rabin alheri ba na rainawa.

Malam Sani:
Ban raina ba, Baba, Allah ya sani,
Reshe aka sassabe, tushe na nan da girmawa.
A buga mana alawus a jarida mu karanta,
Kuɗin tafiya waje, da ayarin rakiyawa.

Hajiya Binta, Kumasi:
Kuma abin da aka rage, a ce mana ga shi,
Asibitin da ya je, ko aji nawa aka ginawa.