Na zo karatu waje, Turanci ya ɗaure mini baki: yaya kuka yi naku ya buɗe?

Sabuwar Ɗaliba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau sati biyar ke nan da saukata Ingila. Ina cikin kwas ɗin share fage na Turanci da jami'a ta sa mu yi kafin a fara karatun digiri na biyu. Na ci jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS kafin in taho, amma karatu da rubutu ne suka ɗaga ni, a ɓangaren magana 5.5 na samu, shi ya sa ma aka ɗora mini wannan kwas ɗin.

Damuwata ita ce baki. A aji malama za ta yi tambaya, na san amsar sarai, amma sai na tsaya ina jera kalmomin a zuci, kafin in gama jerawa wani ya amsa an wuce wurin. Shekaranjiya direban bas ya yi mini magana har sau uku ban gane ba, mutane na bayana suna jira, sai kawai na ɗaga masa kai na wuce ciki. Da na koma ɗaki sai da na yi kuka. Yanzu har na fara kauce wa mutane, in na ji motsi a kicin ɗin da muke haɗawa sai in jira a watse. Don Allah waɗanda suka riga mu, ku faɗa mini gaskiyar yadda kuka yi, ba irin shawarar "ki dage kawai" ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke da kika je da IELTS a hannu ai kin fi ni nesa ba kusa ba. Ni Indiya na tafi, Bangalo, kuma kusan duk karatuna na baya da Larabci na yi shi. Watan farko a aji ina ganin bakin malami yana motsi, abin da nake tsinta bai wuce kalma ɗaya cikin goma ba.

Abin da na gane daga baya shi ne, ciwon da nake ɗauka na baki ne, ashe na kunne ne. Wanda bai ji abin da aka ce ba, me zai amsa? Sai na koma kan kunne. A lokacin na samu shirin Muryar Amurka na masu koyon Turanci, wanda suka fara tun 1959, suna karanta labarai a hankali da kalmomi kusan 1,500 kawai. Kullum bayan asuba zan ɗauki labari ɗaya na minti uku ko huɗu. In saurara ba tare da duba rubutun ba, in sake saurara ina bin rubutun da ido, sannan in saurara a karo na uku ina bin bakin mai karatun da murya, yana faɗa ina faɗa, kamar yadda ake biya wa yaro karatu. Wannan na ukun shi ne maganin. Harshe nama ne, sai ya saba da juyin da ake so ya yi.

Wata uku ina haka. Ranar da na san abin ya fara kamawa, a ɗakin gwaje-gwaje ne, malami ya faɗi wani abin dariya na yi dariya tare da kowa, ba sai da na waiga na ga suna yi ba.

'Yar Kuwala Lampur:
'Yar'uwa, ni abin da ya cire mini tsoro a Maleshiya shi ne na buɗe ido na kalli 'yan ajinmu. Akwai 'yan Sin, 'yan Yaman, 'yan Indunusiya, 'yan Uzbekistan. Kowa da irin nasa Turancin, kowa yana karya shi ta inda ya sauwaƙa, kuma ana fahimtar juna, ana cin jarrabawa. Ni kaɗai ce na ɗaure kaina da cewa sai jimla ta cika sharuɗɗanta za ta fito. Masanin harshen nan na Birtaniya, David Crystal, ya ƙiyasta cewa waɗanda suka koyi Turanci daga baya sun ninka waɗanda aka haifa da shi kamar sau uku. Ashe mu ne masu yawa.

Ki nemi mutum biyu ko uku a kwas ɗin naku waɗanda su ma lallaɓawa suke yi. Mu huɗu muka haɗu, muna zama bayan aji kowa ya bayyana wa sauran abin da ya fahimta daga darasin ranar. A gabansu ba na jin nauyin yin kuskure, don wadda za ta yi mini dariya ita ma yanzu ta gama nata.

Injiniya a Gilasgo:
Shawarar Hajiya 'Yar Kuwala Lampur tana da kyau amma kada a tsaya a nan. Na ga waɗanda suka shekara biyu ba sa magana sai da baƙi 'yan'uwansu, ranar da suka je neman aiki sai ga su kamar yau suka sauka. Ke Ingila kike, dole ki saba da bakin 'yan ƙasa.

Maganar direban bas kuwa, kada ki ɗora wa kanki laifi. Turancin da ke cikin kaset ɗin jarrabawa daban, na titi daban. A nan Gilasgo har Turawan da suka zo daga kudancin Ingila wani lokaci sai sun ce a maimaita musu. Haka Libaful, haka Niyukasil, kowane gari da karin harshensa. Jimla ɗaya na haddace na riƙe ta kamar makami: "Sorry, could you say that again more slowly?" Ban taɓa faɗinta wani ya ɓata rai ba. Ɗaga kai alhali ba ki gane ba shi ne abin gudu, domin wata rana za ki amince da abin da ba ki san shi ba. Ni na taɓa rasa ranar miƙa wani aiki a kan haka, malami ya canza ranar a aji, na gyaɗa kai, ban tambaya ba.

In kin fara digirin, bizar ɗalibi tana ba da damar aiki har awa 20 a sati lokacin karatu. Na yi aiki a wani kanti. Mutum ɗari za su yi maka tambaya iri ɗaya a yini, ka ba da amsa iri ɗaya. Babu ajin da ya ba ni abin da wannan maimaicin ya ba ni.

Malamin Harshe:
Ɗiyata, na karanta bayaninki sau biyu. Ni ma na yi zaman da kike yi, shekaru da yawa da suka wuce, kuma yanzu koyar da harshe ne sana'ata, don haka bari in ɗan tsawaita.

Abin da ke samunki sananne ne, har suna gare shi a wurin masana. A 1986 Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas suka yi rubutu a kan fargabar da ke kama mai koyon baƙon harshe a aji. Sun danganta ta da abu uku: tsoron magana da mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron yadda za a ɗauke ka in ka yi kuskure. Na ukun nan shi ya fi cin mutanen da suka saba zama na gaba a ajinsu. Mutum ya saba ana jin maganarsa ana gyaɗa kai, yau ga shi yana magana kamar yaro ɗan shekara shida. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, martabarsa yake karewa da shirun. Ni haka na yi zango guda cur ban ce uffan ba a aji, kuma har yau ina jin ciwon abin da na yi asara a wannan zangon.

Ɗan'uwa Mai Harhaɗa Magani ya yi gaskiya a kan kunne. Stephen Krashen ya daɗe yana cewa harshe yana shiga ne ta hanyar sauraro da karanta abin da ka fahimci mafi yawansa, wanda ya ɗara matsayinka kaɗan. Sai dai kunne kaɗai ba ya isa. Merrill Swain ta lura da yaran Kanada da aka yi shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci: suna ji tsaf, amma in suka buɗe baki sai ka ga giɓi. A 1985 ta kawo bayanin cewa sai mutum ya yi ƙoƙarin furtawa sannan yake gane abin da bai iya ba. Wato jiran da kike yi sai kin iya sannan ki yi magana, jiran gawon shanu ne. Ƙarfin zuciyar a bayan maganar yake zuwa, ba a gabanta ba.

Kuma kada yawan kalmomin ƙamus ya razana ki. Binciken masana irin su Paul Nation ya nuna cewa kalmomi 2,000 zuwa 3,000 da aka fi yawan amfani da su, tare da rassansu, su ne kusan kashi 95 cikin 100 na hirar yau da kullum. Wadda ta ci IELTS tana da akasarinsu a kai, fito da su ne bai zama jiki ba. Don karatun jami'a kuma, ki nemi jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, guda 570 ne, su ne ke yawo a littattafan kusan kowane fanni.

Game da lafazi: mu masu Hausa mun fi tuntuɓe a tsakanin "p" da "f", domin a harshenmu ba su rabu gida biyu ba. Wannan ya cancanci a zauna a gyara shi, saboda yana canza ma'ana, "pull" daban "full" daban. Ki riƙe takarda a gaban bakinki: wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa iska ta fashe takardar ta motsa, wajen "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Amma karin harshenki gaba ɗaya, ki bar shi yadda yake. Ba a aiko ki ki zama Baturiya ba, a fahimce ki ake so.

Ɗalibi a Ankara:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni da Faransanci na yi makaranta, sai na samu gurbi a Turkiyya a jami'ar da ke koyarwa da Turanci, aka sa ni shekarar share fage. Karatu bai ba ni wuya sosai ba don kalmomi da yawa sun yi kama da na Faransanci, furucin ne ya bambanta. Ga shi da ka fita ƙofar makaranta Turkanci ake yi, babu wanda za ka gwada da shi. Sai na koma ɗaukar muryata a waya, minti biyu kullum, ina ba da labarin yadda na yini. Ba na gogewa. Bayan wata biyu na saurari na ranar farko, na ji bambancin da kunnena, kuma wannan ya fi duk wani yabo da malami zai yi mini. Daga baya na shiga ƙungiyar Toastmasters, wadda aka kafa a Amurka a 1924, inda ake ba ka minti ɗaya zuwa biyu ka tashi ka yi magana a kan batun da ba ka shirya masa ba. Ki duba, da wuya a rasa reshensu kusa da ke.

Maman Biyu:
Ni da yara biyu na je Kanada karatu. Cikin wata shida sun fi ni Turanci, har babbar tana gyara mini magana a gaban mutane. Ba da raini take yi ba, amma abin yana sosa mini rai. Abin da ya taimake ni ɗakin karatu na unguwa ne, suna da zaman hira kyauta ga baƙi sau ɗaya a sati, wasu dattawa 'yan sa-kai ke jagoranta. Tsofaffi suna da haƙurin jira ka gama jimlarka, ba sa ƙarasa maka.

Abu ɗaya nake so in ƙara. Za ki ji masu cewa ki yanke hulɗa da masu jin yarenki gaba ɗaya. Na gwada, kaɗaici ya kusa kwantar da ni, kuma mai baƙin ciki ba ya koyon komai. Ki kira gida, ki yi hira da Hausa har ki ƙoshi, ki ji ki mutum ce mai cikakken baki. Sannan ki fita ki shiga kicin ɗin nan ko da gaisuwa ce kawai za ki yi.

Injiniya a Gilasgo:
Na yarda da Maman Biyu. Abin da nake nufi kada ya zama daga aji sai ɗakin 'yan gida, shi ke nan.

Sabuwar Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bari sai da na gwada kafin in dawo, yau kwana goma sha biyu. Ina yin bin baki da safe kamar yadda Yaya Mai Harhaɗa Magani ya ce, da gajerun shirye-shiryen BBC na masu koyo, na minti shida. Ranar Talata na rubuta tambaya ɗaya a takarda tun da dare, na yi ta maimaita ta, da aka shiga aji na ɗaga hannu tun kafin zuciyata ta hana ni. Muryata tana rawa, kuma na tsallake wata kalma, amma malama ta gane ta amsa, har wata 'yar Biyetnam ta same ni bayan an tashi ta ce ita ma abin da ke cinta ke nan. Yanzu mu biyu muke zama bayan aji.

Kicin ma na shiga. Na tarar da wata 'yar ƙasar tana dafa abinci, na gaishe ta, ta yi magana da sauri, na ce ta maimaita a hankali, ta maimaita. Mun yi kamar minti biyar.

Waya ce har yanzu ba na iya ɗauka. In ba na ganin bakin mutum sai komai ya cakuɗe mini, ga shi ranar Litinin dole in kira asibiti in nemi ganin likita. Malam, ko Yaya na Gilasgo, yaya kuke shirya wa irin wannan kiran?