Zan sayi gida, amma sunan marigayi ne a jikin takardun

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Na samu gidan da ya kwanta min a rai, mun daidaita da mai sayarwa da baki, dillali kuma ya tasa ni gaba in ba da kafin alƙalami cikin makon nan, wai akwai wani mai so. Da na nemi ganin takardu sai na ga sunan mahaifin mutumin ne a jiki, shi kuma ya rasu. Ya ce ba komai, shi ne babba, ƙannensa duk sun amince. Ya kuma ce kada in wahalar da kaina wajen neman lauya, nasa zai rubuta mana komai mu raba kuɗin aikin. Shin maganar da muka yi da baki ta ɗaure shi? In ba da kafin alƙalamin? Kuma yaushe ne gida yake zama nawa a doka, ranar da na biya ko ranar da aka ba ni makulli?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki saki ko sisi tukuna. "Akwai wani mai so" tsohuwar waƙar dillalai ce.

Barista Hauwa: 'Yar'uwa, ba ki faɗi ƙasar da gidan yake ba, kuma dokar filaye ta kowace ƙasa daban take, don haka ɗauki maganata a matsayin shimfiɗa kafin ki zauna da lauyan wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan marigayin. Zama babban ɗa ba ya ba mutum ikon sayar da gidan gado. Wanda zai iya sa hannu shi ne wanda kotu ko hukuma ta ba takardar kula da dukiyar mamacin, ko wanda gidan ya faɗo a rabonsa aka kuma mayar da shi sunansa, ko kuma magadan gaba ɗaya su sa hannu idan dokar wurin ta yarda da haka. "Ƙannena sun amince" magana ce kawai. Su nawa ne? Akwai matar marigayin a raye? Akwai yaron da bai balaga ba a cikinsu? Akwai wanda ke nesa bai ma san ana ciniki ba? Mutum ɗaya daga cikinsu ya isa ya maka ki a kotu bayan kin gama gyara kin tare, kuma ƙa'ida ce sananniya a shari'a cewa ba mai iya sayar miki da abin da bai mallaka ba. Idan kasonsa kaɗai yake da iko da shi, to kasonsa kaɗai kika saya, ko da kuɗin gida sukutum kika biya.

Maganar baki kuwa, a ƙasashe da dama ba ta ɗaure kowa a cinikin gida. A Ingila dokar 1989 ta ce sai an rubuta yarjejeniyar, ta ƙunshi duk sharuɗɗan da aka yi, ɓangarorin biyu sun sa hannu. Wannan kariya ce gare ki ma: kamar yadda shi zai iya fasawa, ke ma ba abin da ya hau kanki yanzu.

Malam Nasiru: Barista, Allah ya ƙara basira. Amma ni a ganina zancen lauya ɗaya ba aibu ba ne. Na san a Faransa da Jamus jami'i ɗaya ne, notari, yake haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma cinikinsu na tafiya lafiya.

Barista Hauwa: Malam Nasiru, gaskiya ne, sai dai notari ba lauyan kowa ba ne a cikinsu. Hukuma ce ta naɗa shi, doka ta wajabta masa tsayawa tsakiya. A Faransa ma mai saye na da damar kawo nasa notarin, kuma yana da kwana 10 da zai iya janyewa bayan sa hannu a yarjejeniyar farko. Lauyan mai sayarwa kuwa aikinsa kare wanda ya ɗauke shi. Idan ya hango matsala a takardun, wa kake jin zai fara faɗa wa?

Malam Nasiru: Na karɓi gyara.

Injiniya Bello: Ni ta ɓangaren bincike zan yi magana, don nan ne mutane suke jin ƙyashin kashe kuɗi. Takardar da aka miƙo miki a hannu ba hujja ba ce sai an je ofishin rajistar filaye an ga ta yi daidai da abin da ke cikin kundinsu. A can ne za a gane sunan wa ke kan gidan a yau, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai umarnin kotu da ya hana sayar da shi. Jinginar nan ki kula da ita sosai, domin bashin gidan yake bi, ba mutumin kaɗai ba. Idan akwai, sai a rubuta cewa daga cikin kuɗinki za a biya banki kai tsaye, a karɓo takardar sakin gidan.

Bayan haka lauyanki ya tambayi hukumar tsara gari ko ginin na da izini, ko akwai titi ko wani aiki da aka shata zai bi ta wurin. Ki sa safiyo ya auna iyaka ya gwada da zanen da ke takarda, don katanga takan yi tafiya cikin filin maƙwabci ba wanda ya lura. Sannan ki je da kanki ki ga wa ke zaune a ciki. In akwai ɗan haya, yarjejeniyarsa ba lallai ta mutu don an sayar da gida ba.

Ummu Khalil: Ƙari a kan na Injiniya, ki nemo mai duba lafiyar gini. A wurare da yawa doka ta ɗora wa mai saye ya buɗe idonsa, in kin saya sannan kika ga rufi na yoyo, sau da yawa ke za ki ji da shi.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Barista, batun ranar da gida ke zama nawa fa? Kuma idan komai ya fito lafiya, wa zan miƙa wa kafin alƙalamin?

Barista Hauwa: Makulli ba ya mallaka wa kowa gida. Matakai uku ne mutane ke cakuɗawa: ƙulla yarjejeniya, biyan cikon kuɗi tare da sa hannu a takardar miƙa mallaka, sai rajista. A Jamus gida ba ya zama naki sai sunanki ya shiga kundin filaye. A Ingila ma cikakkiyar mallaka a doka sai an yi rajista. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar filin da ke da takardar hukuma. Na sha ganin wanda ya biya, ya tare, ya jefa takardu a akwati don gudun haraji da kuɗin rajista, ranar da ya tashi sayarwa ko neman rance sai a ce har yanzu sunan wancan ne a kundi.

Kafin alƙalami kuma bayan bincike ake ba da shi, a kan rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi abin da zai faru da kuɗin idan shi ya fasa, idan ke kika fasa, ko idan takardu suka ƙi fita. A Ingila an saba da kashi 10 cikin 100, kuma yawanci a hannun lauya yake zama har a kammala. Ki nemi irin wannan, wani amintacce na tsakiya ya riƙe. Kada ya bi ta hannun dillali, shi la'adarsa yake hange. Ki tura ta banki, kuma idan saƙo ya zo miki wai an canza lambar asusu, ki kira lauyan a lambar da kika sani kafin ki tura, 'yan damfara na shiga ta nan.

Abu Sadiq: Hajiya ki ce masa ya kawo takardar kotu ta gadon da sunayen magada duka. Yadda zai amsa wannan buƙatar kaɗai zai nuna miki da wa kike ciniki.

Maman Ilham: Na kira shi yanzu. Ya ce ba su je kotu ba tukuna, kuma akwai ƙanwarsu ɗaya da ba su yi maganar da ita ba.

Barista Hauwa: To ki ce masa kina nan kina jira, su je su gama nasu. In sun fito da takardar, lauyanki ya fara bincike daga nan.