Dan Allah ku taimaka min, manyan duwatsun sarƙa sai tsagewa suke a obin

Mai tambaya:
Salam 'yan'uwa, dan Allah ina neman shawara wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ni dai da ma shirya sarƙa nake da ƙananan duwatsun kasuwa da jigida, shekara uku kenan, to bara bayan na haihu na zauna gida sai na fara kallon yadda ake yin duwatsu da yumɓun roba ɗin nan na folima a YouTube, maigida ya ba ni ɗan jari na sayo, na yi 'yan kunne ƙanana suka yi kyau har na sayar. Yanzu ƙanwar maigidan za ta yi aure, mu da ita ba mu taɓa samun matsala ba, ita ta riƙe min yara lokacin da na kwanta asibiti, shi ya sa da ta ce in yi wa ƙawayenta sarƙa guda 12 kalar murjani da za ta shiga da ankonsu ban iya cewa a'a ba, kuma uwar miji na zaune aka yi maganar har tana sa min albarka. Sun ba ni rabin kuɗi na sayi kaya da shi. Manya take so, kamar lemon tsami, bakwai a kowace sarƙa. Na mulmula 20 na gasa, da na buɗe 13 sun tsage kamar an yanka da reza, ƙasansu ya yi baƙi, gidan duk wari. Waɗanda ba su tsage ba na matsa ɗaya da farce ya ɓare, cikin kamar garin tuwo. Saura kwana 9 kamu. Me zan yi?

'Yar Zariya:
Subhanallahi, sannu 'yar'uwa. Wane irin yumɓu ne, kuma a zafi nawa kika gasa, minti nawa? Ba ki faɗa ba.

Hajiya mai shagon sarƙa:
Ƙanwata saurara, ba sai an tambaye ki komai ba na san abin da ya faru, curi guda kika yi su tun daga ciki har waje. Ba a yin babban dutse haka. Wajen ya gasu ya ƙone, cikin ko ɗumi bai gama ji ba, shi ne garin da kika gani. Wannan abin roba ce irin ta fayif da aka cuɗa da mai, ba ƙasa ba ce, sai zafi ya ratsa ta ko'ina take haɗewa. Duba bayan ledar yumɓun folima mai suna Premo, digiri 135 ne minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Mai suna Fimo kuma digiri 110 minti 30. To dutse mai faɗin santimita 3 ki lissafa da kanki, awa biyu da rabi kenan in kika bi na Premo. Abin da za ki yi, samo foyil na nannaɗe kaza, ki dunƙule shi tamau ki murza a kan tebur har ya yi sumul, ki lulluɓe shi da yumɓun da kika murje kaurin milimita 3 zuwa 4, kina matsawa kina korar iska, don iskar da ta maƙale ita ke kumbura ta fasa shi. Ga sauƙin kaya ga sauƙin nauyi. Ƙullin yumɓu mai giram 57 in curi guda ne da ƙyar ya ba ki uku, kuma wace budurwa ce za ta rataya bakwai irin wannan tun la'asar har dare wuyanta bai ƙage ba.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, amma ni ba na son foyil ɗin, na ga kamar ha'inci ne, mutum ya biya kuɗi a ba shi abu ciki takarda. Kuma ita amaryar nauyin ne ma ya burge ta da ta ɗauki samfur, ta ce kamar na gaske. Anti 'yar Zariya yumɓun babu suna a jiki, a wajen wata na saya ta intanet, obin ɗin kuma na jikin kukar gas ne, lamba ce 1 zuwa 6, a 3 nake sa shi kamar na kek.

Hajiya mai shagon sarƙa:
Kamar na kek! Ai ga ƙonuwar nan. Kek a wajen digiri 180 ake gasa shi, wannan zafin ƙona yumɓun yake, kuma hayaƙin ba na shaƙa ba ne, ga ki da jariri, ki buɗe tagogi ki fitar da yara in ya ƙara faruwa. Je ki shagon masu kayan kek ki sayi ma'aunin zafi na cikin obin, lambar jikin kuka ba ta gaya miki komai. Batun ha'inci kuma ki bari, duk masu yin manya haka suke yi, ki gaya wa mai saye shi kenan.

Maman 'yan biyu:
Ni tawa shawarar ki mayar musu da kuɗinsu tun da sauran mutunci. Aikin dangin miji ba riba. Ni na ɗinka zannuwan gado shida na bikin ƙanin nawa mijin, zare ma da kuɗina na saya, yau shekara biyu ko sisi, da na yi magana aka ce na cika son abin duniya, har yau matar ba ta gaishe ni in mun haɗu a gidan suna, kuma shi maigidan cewa ya yi in yi haƙuri, kullum mu ne masu haƙuri.

Mai kek ta Gombe:
Wallahi Maman 'yan biyu kin taɓo min inda yake min ciwo, kek mai hawa uku na yi wa 'yar yayar mijina, sai Allah ya sa albarka kawai. Ke kuma mai tambaya ki bar obin ɗin gas, wutarsa daga ƙasa take shi ya sa gindin ke baƙi. Zuba yashi a tukunya, ɗora faranti a kai, rufe, wuta kaɗan kaɗan, haka muke kek kafin mu samu obin.

Wata 'yar'uwa:
Ni na ji an ce dafawa ake a ruwa, ba ya ƙonewa.

Hajiya mai shagon sarƙa:
Kar ki dafa. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai daɗewarsa a wuta, zai yi tauri a ido ya karye a wuyan mutane ranar biki. Tukunyar yashi kuma da me za ta san zafin ciki? Ni shekarata takwas ina wannan, ku bar ni da ita. Ƙanwata sa tayil a tsakiyar obin, kwano a kai da kwanfulawa, wato garin sitacin masara, a ciki, binne duwatsun rabi, kifa wani kwanon a sama. Ba baƙi, ba shafaffen gindi. Hudar kuma kafin gashi, da tsinken tsire, ki shiga ta nan rabi ki juyo ta can. Su huce a ciki. In sun fito ki goge da samfefa cikin ruwa, lamba 400 sannan 600 sannan 1000, ki murza da tsohon wandon jins.

Mai tambaya:
Ni jan farce mara kala nake shafawa don sheƙi, kuma 'yan kunnen da na yi da shi babu wadda ta dawo min da su.

'Yar Zariya:
Za su dawo 'yar'uwa, ba nan take yake nunawa ba, bayan watanni yake fara danƙo ƙura na mannewa, ya faru da ni. Amma ni inda ban yarda da Hajiya ba, anya matsalar ba daga yumɓun ba ce? In ya sha zafi a mota ko a shago yana fara gasuwa tun a leda, sai ki ga yana marmashewa ko kin murza. Kuma abu babu suna, wa ya san zafin da yake so. Ya yake a hannunki kafin ki mulmula?

Mai tambaya:
Yana ɗan farfashewa a gefe amma ina ɗiga masa man zaitun ya haɗe. Matar tana da kirki gaskiya, ba na jin za ta sayar min da lalatacce, kuma kala 12 na riga na saya, jan ne kawai ya kusa ƙarewa.

Malam mai gyaran lantarki:
Hajiya ku yi haƙuri na shigo maganar mata. In akwai ƙaramin obin na lantarki a maƙwabta ya fi riƙe zafi daidai, sai dai in an ɗauke wuta a tsakiya ko ta zo ba ƙarfi. Shi ma a sa ma'auni.

Maman 'yan biyu:
Guda 84 fa take nema a kwana 9 ga goyo. Ki shiga Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari ki sayi na roba kalar murjani ki shirya musu, wa zai tsaya dubawa a wajen kamu.

Hajiya mai shagon sarƙa:
Ta yi alkawarin aikin hannu ki ce ta kai na kasuwa, wannan ne ha'incin ai. Kuma man girki ba a sa shi, akwai ruwan tausasa shi na musamman. Ƙanwata yau ki yi uku kacal da foyil, digiri 120 tunda ba mu san irinsa ba, minti 45, in ya huce ki yanka ɗaya ki turo hoton cikin.

Mai tambaya:
To na ji duka na gode. Ma'aunin sai maigida ya dawo jibi, kuma ban gaya masa sun lalace ba tukuna. Yanzu dai na mulmula wasu goma, na ɗan rage girman, zan gwada a lamba 2 in bar ƙofar a ɗan buɗe. Waɗancan 13 ɗin da suka tsage fa, in na cike tsagar da ɗanye na sake gasawa zai kama?