Neman kalma: me za mu kira package, build da release notes a darasin Python?

Mai darasi: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa ɗalibaina yadda ake shirya manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python har wani ya iya saka ta da pip, wato kayan aikin saukewa da saka manhajojin Python, kuma da Hausa nake son takardar darasin. Gobe kafin sallar Juma'a zan kai wa mai buga takardu. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: package, build, da release notes. Misalin da zan kafa darasin a kai shi ne Python 3.12 da ya fito a Oktoban 2023, inda aka cire distutils, wato tsohon kayan aikin shirya manhaja, gaba ɗaya. Tsohuwar manhajar da ke kiransa sai ta tsaya cak, ɗalibi ya yi ta zargin kwamfutarsa, alhali tun 3.10 aka sanar za a cire shi, an kuma rubuta ɓaro-ɓaro a release notes ɗin, wato bayanin canje-canjen da ake fitarwa tare da manhaja. A taimaka.

Bakatsiniya: Wa alaikumus salam. Ta farko ai ƙunshi ce. Ta biyu gini. Ta uku, tunda sakin manhaja ake yi, takardar saki.

Ɗan Fagge: Yaya, takardar me? Malam ya shiga aji ya ce kowa ya karanta takardar sakinsa, matan auren da ke ajin ai jakunkunansu za su ɗauka. Shi ma ƙunshin, a gidanmu lalle ne. Ni fakiti nake cewa, jam'insa fakitoci, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarsa.

Bakatsiniya: Na janye ta ukun, Allah ya ba ka haƙuri. Ƙunshi kuwa ina nan a kansa.

Dattijon Sakkwato: Fakiti Turanci ne da anka sa wa hula. Mi ya hana mu duba abin da kakanninmu sunka bar muna? Abin da mai manhaja ya tara ya ɗaure, dami ne. Aikin da ake yi mai har shi zama abin amfani, sussuka ce. Inda ake ajiye su duka, wanga PyPI, rumbu ne. Kun ga magana ta zauna ba aro.

Mai darasi: Baba, rumbu kam na karɓa, dama muna cewa rumbun bayanai. Sussukar ce nake jin tsoro.

Dattijon Sakkwato: Tsoron mi? Fayil mai .tar.gz dami ne, ba a taɓa shi ba. Mai .whl tsaba ce, sai zubawa tukunya. Yaran yanzu dai in kalma ba ta yi ƙamshin Ingila ba sai su ga ƙauyanci ce.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, manhajar da muke ta faɗi tun ɗazu daga Larabci take, kuma da tsarin karatu aka san ta kafin a ɗora ta a kan waya. Ba ka ce mata ta tafi ba. Aro daga gabas halal, daga yamma haram?

Dattijon Sakkwato: Larabci ya yi ƙarnuka cikin bakinmu. Ku Kanawa ne kuka mai da Hausa kasuwar Kwari, kowane kaya a shigo da shi.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muka yi boko, ɗalibanmu paquet suke ji, don haka fakiti ya fi kusa da kunnensu. Amma kullum sai ku yanke a Kano ku aiko mana kamar ba mu da baki.

Ɗan Fagge: Yau kuma Sakkwato ce ke yankewa, mu aka tsare.

Bakatsiniya: Ku dai yi ta yi, bawan Allah na da mai buga takardu gobe.

Mai gyaran manhaja: Ku bar ni in sa baki, don wannan aikin nake ci da shi. A Python kalmar package abu biyu take nufi, kuma a nan ɗalibai suke faɗuwa. Akwai wanda kake saukewa daga PyPI, akwai kuma babban fayil mai ɗauke da __init__.py da kake kira da import a cikin shirinka. Sunayensu ma ba dole su zo ɗaya ba: Pillow kake sakawa da pip, amma PIL kake kira, beautifulsoup4 kake sakawa, bs4 kake kira. Turancin ne ya gaza a nan, bai kamata mu gaji gazawarsa ba. A ba na saukewa fakiti, a ba na kira ƙunshi.

Sussuka kuwa, Baba, ta dace da manhajar da ke da ɓangaren da aka rubuta da harshen C, wadda sai an juya ta zuwa harshen na'ura. Wadda Python ce zalla ba abin da ake cire mata. Kayan aikin da aka ambata a fayil ɗin tsare-tsare mai suna pyproject.toml, ko setuptools ko wani, yana tattara fayilolin ne, ya rubuta suna da lambar siga da sauran fakitocin da take buƙata, ya matse su. Fayil ɗin .whl ma zip ne kawai, ka buɗe ka gani.

Dattijon Sakkwato: To ba ka ga ɗaurin dami ba ke nan?

Mai gyaran manhaja: Na gani, amma kai ka ce tsaba ce.

Bakatsiniya: Ni dai an ba ni ƙunshina, ko da rabi ne. Release notes kuma a ce bayanin sabuwar siga, tunda abin da aka ƙara da wanda aka cire yake faɗi.

Mai darasi: Na gode ƙwarai. Abin da zan buga: fakiti, ƙunshi, rumbun PyPI, bayanin sabuwar siga. Build ne har yanzu ban gamsu ba. Gini yana sa ɗalibi ya zaci rubuta shirin ake nufi, haɗawa kuma ta yi faɗi da yawa. Zan sa haɗa fakiti a wannan karon, in ga yadda ajin zai karɓe shi.

Dattijon Sakkwato: Ku buga abin da kuka ga dama. Ni a bakina dami ne, kuma a rubuta cewa ban yarda ba.

Ɗan Damagaram: Malam, in ka buga ka turo mana kwafi, mu ma mu gwada a nan kafin a ce an gama.